Baffa Ilu da Waken da Ƙwaro Ya Ƙi Ci

Kafin ku ga Baffa Ilu sai kun ji shi. Ƙwal-ƙwal, ƙwal-ƙwal, 'yan kwalabe ne masu baƙin murfi ke karo da juna a aljihun babbar rigarsa. Maza sun ce ko sujada ya yi sai na sahun baya sun ji. Kuma duk kun sani, ba a ajiye masa kwano ya sa hannu kai tsaye. Sai ya yi bisimilla, ya zaro kwalba, ya ɗebi kaɗan ya zuba, ya rubuta sunan gidan a jiki, sannan ya ci abincinsa hankali kwance kamar bai yi wa kowa komai ba. Na taɓa ce masa in ma guba ce ai ya riga ya haɗiye. Ya ce, "To, aƙalla za a san abin da ya kashe ni."

Ni ce Asabe mai ƙosai, 'yar ƙanensa. Da ku nake, mutanen unguwarmu a nan Zango, ku da kuka cika zaure da zaman makoki kuna "Allah sarki, mutumin kirki." Yaushe ya zama mutumin kirkin? Ba ku ne kuka sa masa Ilu Kwalba ba? Ba ku ne kuka ce boko ya taɓa masa kai ba? Ni ina da hurumin jin haushinsa, don ni ya kusa kifar wa da kasko, kaskon da nake ci da marayuna, wanda 'ya'yanku ke karyawa da shi kullum safiya. Ku kuwa dariya kawai kuka sha a banza.

Ga wanda bai sani ba, Baffa ya ƙare ƙuruciyarsa a Kano, a wani ɗakin gwaje-gwaje inda ake binciken guba a cikin abinci da ruwa da ƙasa. Da ya yi ritaya ya dawo gida, ya baro na'urar gwajin a can, amma ita ba ta bar shi ba. Waɗanda ya koya wa aiki suna jin nauyinsa, shi ya sa duk tarkacen da ya kwasa ya kai musu suke karɓa su auna.

Kun tuna neman auren ƙanena Haruna a garin Babban Mutum? Iyaye maza suka shirya, aka ce Baffa ne babba, ba yadda za a yi a bar shi. Aka roƙe shi ya ajiye kwalaben a gida, ya ce to. Da aka gama magana aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Ashe ya ɓoye guda a cikin hula. Ya ɗebi miya, ya rufe, ya tambayi mai gidan cikakken sunansa ya rubuta. Kakar yarinyar tana leƙe ta bayan asabari. Ku faɗa mini, baƙo ya ɗebi abincin gidanka a kwalba har da rubuta sunanka, me za ka ɗauka? Ko wurin boka za shi, ko kai yake zargi da sammu. Tsohuwa ta ce ko maza sun ƙare jikarta ba za ta shiga gidan masu asiri ba. Sai da aka koma da goro da dattawa ana ba da haƙuri kafin ƙura ta lafa.

Shi kuwa ko a jikinsa. Da sakamako ya fito ya shiga mota da kansa har Babban Mutum, ya yi sallama da tsohuwar. "Iya, ki kwantar da hankalinki, miyarki ba guba a ciki. Gishirin ne dai ya yi yawa, shi kuma ba sai da na'ura ba." Sai da aka sake sayen wani goron.

Sannan ga yaƙinsa da jarkoki. Da damina in manoma sun gama feshi, mata kan tsince jarkokin maganin su wanke, wannan ta zuba man gyaɗa, waccan ta kai wa mai gida kunu gona. Baffa ya samo ƙusa doguwa, ya shiga bin gidaje yana sallama, yana gaisuwa da kyau, yana huda gindin duk jarkar da ya gani. Inna Dije, maƙwabciyarmu, ta biyo shi da muciya har bakin titi. Ta ce ta wanke tata da sabulu da toka, ga ta nan fes, ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ba karin maganar da Baffa ya tsana irin wannan. Ya tsaya cak, muciya na kansa, ya ce rabin farko gaskiya ne, rabin ƙarshe kuwa shi ke cika asibiti. Duk wadda ya huda wa jarka sai ya biya ta da mazubi daga ɗakinsa, har ya wayi gari ba shi da ko na ɗiban ruwa. Bokitina ya zo ya ara, kuma bai dawo da shi ba.

Tafiyarsa Kano ita ma abin kallo ce. Mutumin da takalminsa ya sha ɗinki har mai gyara ya ce ya gaji, amma ƙanƙarar da zai jera wa kwalabensa a cikin kula ba ya ciniki a kanta. A tasha direbobi suka san shi, ba a sa masa kula a but, wai zafi zai lalata abin da ke ciki. A cinya yake rungume ta har Kano. Wata rana a shingen hanya masu bincike suka ce ya buɗe. Ya buɗe da murna, ya fara zaro kwalabe ɗaya bayan ɗaya, wannan ruwan rijiyar wane ce, wannan ƙasar fadamar wane, wannan manjan da yake zargin an zuba wa rini. Motoci suka yi layi a baya. Da babban masu binciken ya ce ya isa, Baffa ya ce ai bai zo kan yaji ba tukuna. Direban ya ce tun daga ranar, in suka hango Baffa a gaban mota, hannu kawai suke ɗagawa a wuce.

Duk wannan ina cikin masu dariya, don ba a kaina ake ba. Sai ranar da ya zo kaina.

A wurin wani Alhaji mai hatsi nake sayen wake. Ba zan kama suna ba, kun san shi, da shi kuka yi zaman makokin. Wakensa fari tas, ko da bazara lokacin da na kowa ya zama gari. Baffa ya shigo gidana wata safiya, ya tsoma hannu a kwarya, ya juya ƙwayoyin a tafinsa ya daɗe yana kallo.

"Asabe, wake ya kai bazara ba huji ko ɗaya? Abin da ƙwaro ya ƙi ci shi za ki ba 'ya'yan mutane?"

Ya ɗebi ɗanye, ya ɗebi soyayyen ƙosai, ya tafi. Da ya dawo daga Kano ya zaunar da ni ya shimfiɗa wata takarda mai zane kamar jerin duwatsu. Ya ce niƙa waken ake yi, a jiƙa shi da wani ruwa mai tsotso magani, a tace, a ɗebi ɗigo da sirinji a ɗura wa na'ura. Kiromatogirafi yake kiran aikin, sunan da har yau sai na yi tuntuɓe a kansa. Wai a cikin na'urar akwai wani siririn bututu mai tsawo a naɗe, iska na tura ɗigon ta ciki, kowane sinadari da saurinsa. Ya ce kamar mata ne sun taso daga biki ta lungu ɗaya, wata ta wuce abinta, wata sai ta tsaya gaisuwa a kowace ƙofa, don haka ɗaɗɗaya za su fito. A bakin fita kuma wata na'urar na jira, sifektirometa, ita ke farfasa duk wanda ya fito ta auna nauyin gutsattsarin, daga nan a san sunansa da yawansa. Ya ɗora yatsa kan wani tsini da ya fi saura tsawo. Ya ce wannan maganin ƙwari ne, dangin fiya-fiya, irin wanda wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa wake a buhu, kuma ya wuce abin da jikin mutum zai ɗauka nesa ba kusa ba.

Na ce ai ina jiƙawa, ina wanke ɓawo, ina soyawa a tafasasshen mai. Ya juya takardar ya nuna mini ta ƙosan. Tsinin ya rage tsawo, amma yana nan. Na ce to ya bari in ƙarar da buhun da na riga na saya, daga shi ba zan ƙara ba. Kar wanda ya taɓe mini baki, sai wanda ya taɓa ɗaukar jarinsa kacokan ya zubar. Baffa ya naɗe takardarsa ya fita.

Washegari ina hura wuta sai ga shi da benci a ka. Ya dasa shi dab da kaskona, ya zauna, ya gyara riga. Duk wanda aka aiko da kwano sai ya tare shi da fara'a, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce a koma a faɗa musu Baffa Ilu ya ce yau a sha koko haka nan. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce da ubana na da rai da bai yi mini haka ba. Ya ce da ubana na da rai da benci biyu za a kawo. Ƙullu ya yi tsami a gabana, na ɗauka na zubar.

To ku me kuka yi? Nan ne nake son ku kalle ni. Ba wanda ya tambayi inda waken ya fito. Kuka baza a gari cewa ƙosan Asabe guba ne, kuka koma saye a bayan kasuwa wurin wadda ita ma a shagon Alhajin take auno nata. Da Baffa ya je shagon da takardarsa, Alhaji ya kai ƙara wurin mai unguwa, wai ana ɓata masa suna. Dattawa suka taru, ba a kan waken ba, a kan Baffa. Suka ce ya bar kaza cikin gashinta, kowa haka yake adana hatsi, kuma Alhaji mutum ne mai taimakon unguwa. Baffa ya ce, "Na'urar nan ba ta san Alhaji ba, ba ta san Asabe ba. Abin da aka zuba ta faɗa." Aka tashi ana cewa tsufa ya fara taɓa shi.

Na yi damina guda ban gaishe shi ba. Shi kuma bai ba ni haƙuri ba, har ya koma ga Allah bai bayar ba. Da kaka sai ga shi ya turo durom mai murfi a baro, ya ce in sayi wake a hannun manoman da na sani, in shanya ya bushe ƙayau, in cika durom in toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwari za su mutu da kansu. Haka na koma kasko. Wasu masu sayen sun dawo, wasu har yau in sun zo wucewa sai su kau da kai.

Ranar sadakar uku ina tsakar gidansa sai ga ɗan acaɓa ya sauke buhu. Wai Alhaji ne ya aiko, na ta'aziyya, a soya ƙosai a raba wa yara sadaka. Aka kwance baki, wake fari tas, ba huji ko ɗaya. Mata suka fara neman kwarya suna sa albarka, aka ce Asabe ɗora kasko. Na ce ba zan soya ba. Gwaggo Hanne, ƙanwarsu Baffa, ta ce ba a ƙin kayan ta'aziyya, abin kunya ne, wataƙila ma mutumin ya daina zuba maganin, ko ina da shaida? Ba ni da ita, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na sunsuna ban ji komai ba, na duba ban ga komai ba, wanda zai ɗiba ya kai Kano kuwa shi muke wa sadakar. Na ɗebo daga durom ɗina na soya abin da ya sawwaƙa. Bai ishi kowa ba, kuka ce Asabe ta yi rowa a sadakar Baffanta, ta kuma wulaƙanta babban mutum.

A gaban kowa na ja buhun na jingine shi a zaure. Na ce duk wanda ya tabbata lafiyayye ne ya zo ya ɗauka kyauta, ya dafa wa nasa 'ya'yan. Da wani ya zo ma ba zan ba shi ba. Amma ga shi an yi sadakar arba'in, buhu na nan inda na jingine shi, a unguwar da ko ƙanzo aka ajiye a zaure ba ya kai la'asar. Ba wanda ya taɓa ko igiyar bakinsa.

Ashe kun ji shi. Tun yana da rai kun ji shi, kun kuma yarda, kuka bar tsoho yana yawo shi kaɗai ana nuna shi da baki.

Ni dai na yafe masa zaman bencin, ko da yake ban manta ba. Allah ya jiƙan Baffa Ilu, ya yafe masa taurin kansa, ya dubi yaran da suka karya kumallo lafiya saboda shi ba su ma sani ba. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi ruwan Alkausara, ya sha ya ƙoshi hankalinsa kwance. Amin.