Ka Ɗauka Rijiya Ce

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Sale mai haƙar rijiya, amma har yau in zan sauko daga bene sai ya faɗo mini a rai.

A shekarun fari, da gero ya ƙi a gonakinmu na wajen Tofa, ni da shi muka tafi ƙwadago tsaunin Mambila. Kowannenmu ya samu masara rabin buhu, wadda Inna da yara suke jira a gida. Ranar komawa aka ce ƙasa ta zaftare ta toshe hanyar mota, sai dai a sauko da ƙafa. Wani dattijo ɗan garin ya yi mana jagora.

Mu mutanen fili ne, ban taɓa hawan abin da ya fi dutsen Dala ba. Na ɗora kayana a ka kamar mai zuwa cin kasuwa. Jagoran ya ce in goya a baya, na yi masa dariya, wai namiji da goyo. Ba mu yi nisa ba gajimare ya rufe mu, hanyar ta tsuke ta koma faɗin tafin ƙafa. Na taka wani dutse ya gangara, na kasa kunne, ban ji inda ya tsaya ba. Nan na tsaya cak. Buhu yana rinjayata gaba, wuyana yana rawa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Jagoran yana can ƙasa yana kira in yar da kayan. In na yar, Inna ta ci me?

Sale ya rarrafo ya sauke mini buhun, ya ɗaure shi da igiyar aikinsa, ya zura wa jagoran kamar guga. Sannan ya juya ni na fuskanci dutsen.

"Ƙanena, ka ɗauka rijiya ce," in ji shi. "Mai shiga rijiya ba ya leƙen ƙasa. Bango yake kallo, ƙafa ta nemi gurbi."

Ya koma ƙarƙashina yana kama dunduniyata yana ajiye mini ita a gurbi, ɗaya bayan ɗaya, har la'asar, yana ta cewa sannu ba ta hana zuwa. Sai daga baya na gane cewa da na zame, da shi zan tafi.

Yanzu gonakin sun zama fulotai, injin burtsatse ya karɓe sana'arsa, rijiyoyinsa duk an cike su. Da yana nan, na san tsaki kawai zai ja. Tsadar yau kuwa tana firgita ni, don ƙafata tana laluben gurbi, ba mai kama mini ita.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba, sai wannan igiyar da ke rataye a ɗakina. Ranar da muka kai shi makwancinsa ni na sauka na karɓe shi, ta wajen ƙafafu. Wannan karon ni ne a ƙasa. Allah ya jiƙan Yaya Sale.