Huwefa da Makirfon da Ba Ya Ji

Ƙanwata Huwefa tun tana ƙarama ba a ajiye rediyo kusa da ita. Na Baba guda biyu ta kwance, tana neman inda mutanen suke zama. Da ta girma ta samu aiki a shagon buga takardu kusa da jami'a a nan Kwatano, ran Lahadi kuma tana waƙa a coci. Shekara biyu tana tarin kuɗi, ta je kasuwar Tokpa ta dawo a bayan babur ɗina rungume da kwamfuta 'yar gwanjo da makirfo mai kai kamar gwanda. Wani a shagonsu ya zuba mata manhajar haɗa waƙa, bai koya mata komai ba.

Wata uku tana fama. Ta ɗauki murya, a saurara, sai ka ji kamar daga cikin rijiya ake magana. Ta ce ƙarar unguwa ce. Ta kwashe katifun gidan ta jingina a lungun ɗakinta, ta kafa makirfon a tsakiya, kwamfutar kuma tana can kan tebur bakin taga. Mama ta yi sati tana kwana a tabarma tana mita. Duk da haka rijiya dai.

Ana cikin haka Nana, kakarmu, ta zo daga Abome a duba mata ido. Ita kaɗai ta rage da ta san kirarin zuri'armu daga farko har ƙarshe. Baba layi huɗu ya sani, na huɗun ma na dangin Mama ne. Nana kuwa tun a tasha ta rantse ran Asabar za ta koma, kuma ba ta ƙara taka garin da babura suka fi mutane yawa. Huwefa ta san in ba ta ɗauki kirarin nan kafin Asabar ba, ya tafi ke nan.

Ran Alhamis ta lallaɓa ta, ta zaunar da ita a tsakanin katifu.

"Laifin me na yi aka kawo ni kurkuku?" in ji Nana.

"Nana, kirarin kawai za ki yi wa wannan abin."

Tsohuwar ta matso da idonta mai lafiya, ta ƙare wa makirfon kallo. "Wannan ɗan waye? Wa ya haife shi? A gidanmu mutum ake wa kirari, a dafa kansa. Ke da kika yi boko, ƙarfe kike so in kira jikan mayaƙa?"

"To ki gaishe shi kawai, mu gwada."

"Ina wuni, ƙarfe. Ya mutanen gida?"

Huwefa ta kunna. Gaisuwar ta fito can nesa, amma ƙarar kujerar Huwefa da mai tallan ƙosai a waje, raɗau. Nana ta yi dariya har da tari.

"Ai na faɗa miki. Bai san ni ba."

Huwefa ta cire waya ta mayar. Ta hura ramin wayar da baki. Ta kashe kwamfutar ta kunna sau uku. Ta ƙure sauti, sai wani kuka ya tashi da ya kori kajin maƙwabta. Ta aike ni Tokpa na canzo waya, sabuwar ma haka. Nana tana zaune tana cin akasa, agidinmu na nan, da soyayyen kifi, tana ba da shawara.

"Kin zuba wa magabata ruwa kafin ki fara?"

"Nana, na'ura ce."

"Na'urar ba a ƙasarsu take zaune ba?"

Kafin a hana ta, ta tsiyaya ruwa a ƙasa dab da wayoyin. Huwefa ta yi tsalle ta kwashe su kamar an ce maciji.

Ran Juma'a da la'asar, Nana ta gama ɗaure kayanta. Huwefa ta roƙe ta gwaji na ƙarshe, ta danna jan maɓallin ɗauka, ta ce ta yi magana. Tsohuwar ta naɗe hannu ta yi gum. Huwefa ta dubi makirfon da ya ci mata tarin shekara biyu, ta dubi ƙunshin kayan Nana a bakin ƙofa, sai ta kifa kai a kan tebur ta fashe da kuka. Mace mai shekara ashirin da shida, kuka har da majina!

Nana ta taso daga cikin katifu tana dogara sanda. Ta zo ta dafa kanta, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan gidanmu in yana kuka, ta fara. Ta kira kakan da ya tsallake kogi da tulun manja a ka, ta kira wadda ta haifi tagwaye a gonar rogo ta koma aiki, ta yi ta jero su ɗaya bayan ɗaya. Ni ina bakin ƙofa ina saurare. Ta fi minti goma.

Da Huwefa ta ɗago tana share fuska, sai ta ga jan maɓallin na nan a kunne, allon kuma ya cika da zane manya-manya kamar haƙoran zarto. Ta kunna. Muryar Nana ta fito tas, kamar a kunnenka take.

"Fofo!" ta ƙwala mini, haka take kirana. "Ai a nan ta tsaya, ba can ba!"

Ta shiga wajen saiti. Ashe akwai inda ake gaya wa manhajar da wane kunne za ta ji. Kwamfutar tana da nata ɗan makirfo, rami kamar na allura a saman allo, kuma da shi take ji tun ranar farko. Mai kan gwandar nan da ke cikin katifu, wata uku yana tsaye, ba a taɓa zaɓarsa ba. Dannawa ɗaya ta yi, ta ce "ɗaya, biyu," gidan ya ɗauka.

Nana ta sa a sake kunna mata kirarin. Ta saurara tana taɓe baki.

"Wace tsohuwa ce wannan? Ta tsallake mutum biyu. Kuma wa ke jan majina a baya?"

"Jikarki ce."

"A sake. Ba za a ajiye ni da kuskure ba."

Amma ƙarfe dai ba za ta yi wa ba. Huwefa kuma ta ce ita ta gama kukanta. Sai duk suka juyo suna kallona.

Haka na durƙusa a tsakanin katifu da rigar aikina, ƙato da ni, makirfo a bayan kunnena, hannun Nana a kaina. Huwefa ta ce kada in yi motsi, kada in yi numfashi da ƙarfi. Sau biyu aka tsaya saboda ni, wai ana jin sheshsheƙa.

Yanzu kirarin na cikin wayar kowa a danginmu, har su kawu na Faransa. Mawaƙan cocinsu suna bin layi a ƙofar ɗakinta. Duk wanda ya zo da kukan na'urarsa ba ta ji, kafin ya zauna Huwefa take tambayarsa, "Ka duba da wane kunne take sauraro?"