Shekarar da Na Ji Ni Baƙa Ce

Wata Juma'a a watan Yunin 2020, lokacin da korona ta kulle mu a gida, ina durƙushe a kicin ina tsince shinkafa sai na ji Baba ya ja tsaki a falo. Baba ba mai tsaki ba ne. Direba ne a wani kamfani a Sana'iya, unguwar masana'antu ta Doha, yakan wuni cikin cunkoso ya dawo yana murmushi. Da na leƙa sai na gan shi riƙe da waya, Mama na tsaye a kansa da ludayi a hannu. Bidiyon wani Bature ne mai sharhin siyasa, ya sha kwat, yana magana a tsanake. Turancina na 'yar shekara goma sha ɗaya ya isa in gane nufinsa: wai baƙar fata an yi shi ne don gudu da rawa da ɗaukar kaya, tunani kuwa ba nasa ba ne.

Tausayin Yaya Sadiƙ ne ya fara kama ni. A gidanmu na unguwar Muntaza kowa ya san yadda aka yi rabo. Ni na ɗauko hasken Mama da kakarmu ta Yola, tun ina goye ake ce mini Fara, Yaya kuwa baƙi ne wuluk irin Baba. Ban yi shakka ba da su mutumin yake, ni da Mama mun tsira. Ga shi Yaya ne ke warware mini lissafi idan malama ta daskare a kwamfuta, shi ke cinye mu a ludo. Sai na ɗaura aniyar kare shi. Da ya nufi wayar Baba sai in ce shanya ta bushe, mu hau saman bene mu kwashe kaya, mu kori tantabaru, in zana ɗakunan 'yar gala-gala da guntun sabulu a kan siminti mai ƙuna. Har naman miyata nake tura masa, yana kallona yana cewa, "Ke, lafiyarki kuwa?"

Anti Rifkatu ce ta rushe mini lissafin. Nas ce 'yar Jos, ƙofarta na kallon tamu, ni nake ajiye mata kunun gyaɗa a bakin ƙofa in ja baya, don asibiti take wuni. Rannan na faɗa mata sirrina. Ta yi dariya ta cikin takunkumi, sannan ta ce, "Kayya, Fara. A wajen mutumin nan, da ni da ke da yayanki duk ɗaya ne." Na daɗe a gaban madubin banɗaki ina juya hannuna. Na tambayi Mama, ta ce Allah ne ya yi kowa, in je in wanke kwanuka. Baba ya ce, "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi." Na san waye shahon, amma ban ji amsar tambayata ba.

Komawarmu makaranta ta ƙara dagula mini abin. Hiba, ƙawata 'yar Sudan, ta fi ni duhu nesa ba kusa ba, amma ta ce ita Balarabiya ce. Wata 'yar Indiya da ke zama bayana ta kai Yaya baƙi, ita ma wai ba da ita ake ba. To idan ba launi ake dubawa ba, me ake dubawa?

Bayan shekara biyu, da gasar cin kofin duniya ta zo Doha, Yaya ya kai ni bakin teku a jirgin ƙasa. 'Yan Ghana sun cika titi da ganguna, kiɗan na jan ƙafata, amma na harɗe hannu na ƙame, ina tsoron kada in taka rawa in gaskata mutumin nan. Wata dattijuwa mai ɗaure da tuta a ka ta dube ni, ta ce da Hausar zango, "Yarinya, ƙafarki na ciwo ne?" Ta kama hannuna ta ja ni tsakiya. Na taka, ina dariya, ina kuma jin kunyar da ban san ta mece ce ba. A hanyar dawowa na kasa riƙewa, na ba Yaya labarin bidiyon. Ya kalli taga ya ce, "Na gani tun ranar. Ke nake ɓoye wa."

Yanzu ina karatu a Zariya, inda 'yan ɗakinmu ke tsokanata da Balarabiya saboda kalmomin Larabci irin su yalla da khalas da ke suɓuce mini. Nakan yi dariya in amsa. Yaya yana can Doha yana aiki, sai a waya muke gaisawa, kuma ba mu sake tayar da zancen ba. Wani lokaci nakan yi kewar shekarun da nake zaton duk abin da aka kira mutum a gidansu, shi duniya za ta kira shi. Har yau ban gano wa ke raba sunayen ba.