Tsohon da Aka Ce Ya Yi Shiru

Yana zaune a ƙarshen benci a barandar wata kotu a Lafiya, tsoho siriri mai karkatacciyar kafaɗa. Jifa-jifa hannunsa yakan kai kafaɗar kamar zai gyara maratayi, sai ya tarar babu komai. Da ganin faso a ƙafarsa ka san manomi ne, wataƙila daga ƙauyen Adogi, cikin masu yini korar birai daga masara.

Ana tuhumarsa da riƙe bindiga ba lasisi. Lauyarsa, wata matashiya, ta sunkuyo kusa da kunnensa.

"Baba, ko me ka gani, ka yi shiru. Masu ƙara ne za su tabbatar bindigar taka ce."

Ya gyaɗa kai.

Sai ga ɗan sanda da ita, tsohuwar bindigar toka, an ɗaure gindinta da waya, duk ta yi tsatsa. Yana tafe yana jan bakinta a siminti.

Tsohon ya miƙe.

"Ɗana, don Allah ɗaga ta. Ta mahaifina ce, ko sau ɗaya bai bar ta a ƙasa ba."

Lauyar ta runtse ido. Shi kuwa ya miƙa hannu biyu, kamar mai karɓar jariri.