Kalmar Sirrin Baba Haladu

Duk wanda muka yi ajin yaƙi da jahilci tare a Daura ya san Baba Haladu, dillalin shanun nan na Zango, ba ya yarda da abin da ba shi ya raɗa wa suna ba. Har babur ɗinsa suna gare shi.

Da aka fara koya mana kwamfuta, Malama Hajara ta ce wadda muke aiki a cikinta tana can wata ƙasa, ta intanet ake shiga, kowa da kalmar sirrinsa. In ka manta, ko na'ura ta ƙirƙiro maka sabuwa, ko ka zaɓi taka. Baba ya leƙa wadda na'ura ta ba ni, ya ce kamar kaza ta taka tawada. "Wanda bai san ubana ba, shi zai ba ni makullin ɗakina?"

Sai ya sa sunan bijiminsa, Gwarzo. Kafin a tashi duk aji ya sani, don a wurinsa ɓoye wa abokin zama magana rowa ce. Da ya sayar da bijimin ya sa malama ta sauya masa, wai ba a kiran dabbar da ta koma garken wani. Haka ya yi ta yi, bijimi bayan bijimi.

Ranar jarrabawa ya kasa tuna wanda ke kai. Ga shi shekara biyu yana jiran takardar shaidar nan, don ya daina dangwala yatsa a gaban 'ya'yansa. Ya gwada Gwarzo, ya gwada Baƙi, ya gwada Ɗan Kongolam, duk a banza.

Malama ta ce, "Baba, lokaci na tafiya. A bar na'ura ta zaɓa?"

Ya share gumi ya ce a bar 'yar banza ta zaɓa. Ya kwafe ta a takarda harafi bayan harafi, ya cusa a hularsa. Ya ci jarrabawa, bai ƙara sauya ta ba, wai ita ba mai taya ta a kasuwa.

Da Allah ya yi masa rasuwa, bayan sadakar bakwai, matarsa Inna Rabi ta kawo mini takardar. A hularsa ta same ta, ta ɗauka addu'a ce, tana so a ɗinke wa jikansu laya. Na gaya mata gaskiya. Ta daɗe tana kallonta, ta ce, "Amma rubutunsa ne?" Na ce nasa ne, da hannunsa. Ta ninke ta ƙulle a gefen zane.

Allah ya jiƙanka Baba, ya buɗe maka ƙofar rahama.