Ƙuli-ƙulin Da Na Sa Wa Jikana A Baki

A lokacin da abin ya faru ni mace ce mai shekara hamsin da ɗoriya, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Sabon Garin Maraɗi, kuma unguwa duka ta san kaifin bakina. Mijina ya rasu yara na ƙanana, da turmi da kaskon suya na rene su har na aurar. Ko wanka na yi, ƙamshin gyaɗa ba ya barin jikina. Saboda haka duk wanda ya kushe gyaɗa, a wurina ni ya kushe.

Ɗana na fari ya auro wata malamar lakkwal, wato makarantar boko, ƴar Jiratawa, suka zauna a sashe guda cikin gidana. Tun ranar da ta tare jinina bai haɗu da nata ba. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, amma komai sai ta duba takarda, ruwan sha ma sai ta tafasa, kamar mu da muka sha na randa mutuwa muka yi. Da ta haifi namiji aka sa masa sunan marigayi, ni kuwa nake kiransa mai gidana. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yaron nan ba, wannan Allah ne shaidata.

Yana wata bakwai ƙuraje suka feso masa a kumatu da bayan gwiwa. Kullum bayan wanka sai in shafe shi da maina, wanda na matse da hannuna, ƙurajen kuwa sai ƙaruwa. Ranar da na fara ba shi kunun gyaɗa leɓensa ya kumbura, ya amayar da shi duka. Uwar ta ce, cikin ladabi, tana zaton gyaɗar ce ba ta karɓe shi ba. Na tashi na zazzage mata, na ce nononta ne marar kyau. Na sa ta tatsa a ƙoƙo a gaban maƙwabta, na jefa tururuwa a ciki don a ga ta mutu, shaidar nonon ba shi da kyau. Tururuwar ta fito da ƙafafunta ta yi tafiyarta, amma ban sauka daga maganata ba. Na hau mota har Tsibiri wurin wani mai magani, na dawo da jiƙo da turare, duk a banza.

Likitan yara ne ya tura su wurin wani lokotoro masanin borin jini, wanda ke zuwa daga Yamai lokaci-lokaci yana duba mutane a wani kilinik. Da ranar randebu ta zo, wato ranar da aka ba su ta ganinsa, na yafa mayafi na ce da ni za a je. Ba don in taimaka na bi su ba, na je ne in ji da kunnena an ce nonon ne. Surukata ta fito da wani ɗan littafi inda ta rubuta duk abin da yaron ya ci da ranar da jikinsa ya tashi, lokotoron yana dubawa yana gyaɗa kai, ni ina gefe ina cika ina batsewa. Ya tambaya me ake shafa masa, na yi caraf na ce ba komai. Ta sunkuyar da kai ta ce Inna ta manta ne, ana shafa masa man gyaɗa. A ranar da ina da iko da na shaƙe ta.

Aka kwantar da yaron rub da ciki, aka ɗiga masa wasu ruwaye a jere a baya, aka ɗan tsaga fatar kowane wuri kaɗan. Yana ta tsala ihu, ni ina faɗin an zo an biya kuɗi don a azabtar da jariri. Bayan ɗan jira, wuri guda ya tashi ya yi ja, ya fi cizon sauro girma. Lokotoron ya ce na gyaɗa ne. Ya ce kada a ba shi ko ƙwaya, kada a shafa masa man, wanda ya taɓa gyaɗa ya wanke hannu kafin ya ɗauke shi, kuma in aka ga numfashinsa ya sauya a ruga asibiti ba jira. Na ce masa shi yaro ne, Maraɗi kaf da gyaɗa aka rene ta, har uban wannan da yake gani. Ya ce Inna ki yi haƙuri, gyaɗarki ba ta da laifi, nonon uwarsa ma ba shi da laifi, jikin yaron ne haka. Cikin duk bayaninsa abu ɗaya na riƙe, an wanke ta a gabana. Muka hau adaidaita muka koma gida.

Aka mayar da kaskona can ƙarshen gida. Ni da na yi wa ubansa wankan jariri, yau sai na wanke hannu da sabulu kafin in ɗauki jikana. Kullum abin na cina. Uwar kan bar mini shi in za ta lakkwal, bayan ta sa na yi mata rantsuwa ba zan ba shi gyaɗa ba, na kuwa rantse. Amma a raina na riga na shirya: zan riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har jikinsa ya saba, bayan wata guda in tara su in faɗa musu, in ga inda za ta sa fuskarta.

Kwana goma sha ɗaya bayan zuwanmu kilinik, da hantsi, na gutsuri ƙuli-ƙulin da bai kai ƙwayar wake ba, na jiƙa shi a yatsana na sa masa a baki. Ya tsotsa yana yi mini dariya. Ban gama wanke kasko ba na ji kukansa ya dishe. Na waiwaya, fuskar ta cika, idanun sun rufe, numfashinsa na fita da wani siririn fito. Na sungume shi na fita ba takalmi ba mayafi, na tare ɗan kabu-kabu a bakin titi. A asibiti wata ma'aikaciya ta tambaye ni me ya ci, na ce ban sani ba. Ta dube ni ta ce ransa na kan amsata. Sai a lokacin na faɗa. Aka yi masa allura a cinya, aka sa masa iska a hanci, ina tsaye ina kallon ƙirjinsa na lotsawa.

Uwar ta iso da farin alli a hannuwanta. Na shirya jin zagi, na ma so ta zage ni. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce kawai ai Inna ta rantse mata. Ɗana ko kallona bai yi ba. Allah ya tashi kafaɗar yaron, amma daga asibiti gidan haya suka wuce. Da lokacin yaye ya zo, wanda tun yana ciki nake cewa a ɗakina za a yi shi, Jiratawa aka kai shi wurin ɗaya kakar.

Na daɗe ina faɗa wa kaina cewa so ne ya sa. Ƙarya nake yi. Son da nake yi masa gaskiya ne, amma ranar nan gardama nake son ci, kuma da ran jikana na yi ta. Ina kira ga ƴan uwana kakanni, in likita ya hana jariri wani abinci, kada ki ce za ki gwada, kada ki ce ɗan kaɗan ne, ko da da abincin nan kika reni zuri'arki duka. Kuma in kina jin haushin surukarki, ki tsaya a kanta, ki cire yaron daga ciki.

Mai gidana yanzu shekararsa biyar, lafiyarsa lau. Sukan kawo shi ya gaishe ni ranar Juma'a. Makon jiya na wanke hannu har sau biyu na miƙa masa dabino, ya mayar da hannuwansa baya, ya ce an ce kada ya karɓi komai daga hannun Kaka.