Ajiyar Mama Rifkatu

A gidanmu na Birnin Gwari, lokacin tatsuniya shi ne tsakanin tuwo da sallar isha'i. Da an kwashe kwanuka, Kaka, mahaifiyar Babanmu, za ta ja kujerarta 'yar tsuguno zuwa bakin murhu, mu jikoki mu kewaye ta, kowa da masararsa a hannu yana neman gurbi a garwashi. Damina na fi tunawa, musamman lokacin marka, da ruwa kan wuni yana yayyafi, sanyi ya taso daga dajin bayan gari ya shigo mana har ɗakin girki. Shekarata tara ko goma a lokacin.

Akwai wata mai sauraro da ba a fara tatsuniya sai an ɗauko ta, ita ce Talatu. Tsuntsuwa ce 'yar ƙarama dangin aku, ba ta kai tsirya girma ba, koriya shar, kanta rawaya, fikafikanta da zanen baƙi kamar an ja da alƙalami. Ba irin ta dajinmu ba ce. A Kaduna aka sayo ta wata ranar Talata, shi ya sa sunan. Kuma ba tamu ba ce. Ta Mama Rifkatu ce, malamar firamare 'yar kudancin Kaduna, wadda ta yi fiye da shekara ashirin katanga ɗaya da mu. Ita da Kaka aminai ne na gaske. Da Sallah tuwonmu ya tsallaka, da Kirsimeti shinkafarta ta tsallako. Bayan ta yi ritaya ciwon gwiwa ya matsa mata, sai 'yarta ta zo ta tafi da ita Kafanchan neman magani. Ranar tafiyar ta shigo da keji a hannu ta ajiye gaban Kaka.

"Yaya Asabe, ga ajiya na kawo miki. Wata uku ne kawai."

"Allah ya ba ki lafiya, Rifkatu. Je ki, kada ki sa ta a ranki."

Wata uku ya zama shekara biyu.

Talatu ta saba da mu. Kaka tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "To, ga ta nan tafe, ta sha hanya." Mu kuma mu amsa, "A ba ta wuri ta zauna!" Da mun amsa, Talatu za ta ɗauki surutu daga kan sandarta ta sama, ta yi ta yi kamar ita ma tana da nata labarin, har sai Kaka ta ce, "Malama, a yi haƙuri, yau ni ke da aji." Sannan ta yi shiru, ta karkata kai.

A daminar da nake ba da labari ne surutun ya ɗauke. Da ma tsohuwa ce tun kafin a kawo ta. Ta fara wuni da gashi a kumbure, kai a cikin fiffike ko da rana tsaka. In tana numfashi sai jelarta ta riƙa sama da ƙasa. Babanmu ya kira malamin dabbobi, ya duba ta, ya girgiza kai.

"Iya, tsufa ne. Ba shi da allura. A dai kiyaye ta da sanyi da hayaƙi."

Tun daga wannan rana, tatsuniya ta bar ɗakin girki. Kaka ta ce ba za a ƙara zama da Talatu kusa da wutar itace ba. Aka koma rumfar ƙofar ɗakinta, da garwashin da ya riga ya ruru a kasko, kejin kuma can gefe, an rufe shi ta ɓangare uku da tsohon zani. Mun yi ƙorafi, don kaskon bai isa ya gasa masarar kowa ba. Kaka ta ce wanda masara ta fi masa tatsuniya, ga hanyar murhu nan. Babu wanda ya tashi.

Kullum da safe takan jiƙa gero ya yi laushi, ta murje shi da gwaiduwar dafaffen ƙwai kaɗan, ta sa a murfin kwalba. Ruwa ma a murfi mara zurfi. Ta shimfiɗa tsumma mai laushi a ƙasan kejin. Sannan ta zare sandar sama, ta bar ta ƙasa kawai, wadda tsayinta daga tsumman bai wuce yatsa biyu ba. Ni ta sa na rubuta wa Mama Rifkatu wasiƙa, aka ba wani direban bas ya miƙa.

Zare sandar nan ne ya tsaya mini a rai. A kanta na san Talatu, tana kallon kowa daga sama. Yanzu ga ta a ƙasa kamar 'yar tsakon da ruwa ya doka. Na riƙa tunanin Mama Rifkatu za ta zo ta gan ta haka, ta ce mun wulaƙanta mata ajiya. Rannan da Kaka ta tafi barka, na nemo sandar a bayan randa, na mayar, na ɗauki Talatu na ɗora. Ta kama da ƙyar, jikinta yana rawa, amma ta zauna. Na ji daɗi. Kafin Kaka ta dawo na sauke ta na ɓoye sandar. Washegari na sake. Na ce a raina ina koya mata ƙarfi ne.

A rana ta uku, ina ɗora ta sai ta faɗo. Ban ma juya baya ba. Ta kwanta ta gefe, ƙafa ɗaya a dunƙule, baki a buɗe. Ina tsaye da hannu a ka Kaka ta shigo. Ta dubi Talatu, ta dubi sandar, ta dube ni. Abin da ta ce kawai shi ne, "Zulai, kawo min ruwan ɗumi." Ta ɗauke ta a tafin hannu, ta riƙa gasa mata ƙafar da auduga, har numfashinta ya daidaita.

Na wuni ina jiran faɗa, bai zo ba. Da yamma bayan tuwo aka kawo kasko kamar kullum, Kaka ta buɗe tatsuniya, muka amsa, muryata can ƙasa.

Ta ce a dajin nan namu an yi wani tsohon biri, shugaban birai, wanda tun yana saurayi a ƙolin wani dogon maɗaci yake kwana. Da ya tsufa hannunsa ya daina riƙo. Yana da ɗa mai ƙaunarsa ƙwarai. Ɗan ya ce shi kam ba za a ce ubansa ya ƙare yana raye ba. Kullum rana ta faɗi sai ya goya tsohon ya hau da shi, yana waƙa. Nan Kaka ta rera da siririyar muryarta, "Riƙe ni Baba, riƙe ni, ƙoli gidanka ne, kada maƙiya su ji." Birai suna ta yabon ɗan. Amma tsoho kullum ramewa yake. Ɗan ya kawo ɗinya, ya kawo kanya, ya kawo zuma, ramar ba ta tsaya ba.

Akwai kunkuru a gindin maɗacin. Wata rana ya ce wa ɗan, "Kai kana hawa da shi, ni ina jin haƙoransa suna kaɗawa har gari ya waye. Ka taɓa tambayarsa inda yake so ya kwana?" Ɗan ya ce, "Ubana ne, na san abin da yake so." Kunkuru ya ce, "To," ya mayar da kai cikin ƙoƙonsa.

Maganar ta hana ɗan sakat. Da yamma ya tsuguna ya tambaya. Tsoho ya ce, "Ɗana, damina uku ke nan ban yi barci ba. In na runtsa zan saki reshe. Na ga hawan yana faranta maka rai, shi ya sa na yi shiru. Ni reshen can na ƙasa nake so, mai faɗin nan, kusa da rafi."

Ƙanena ya katse ta. "Kaka, ai damisa za ta cinye shi a ƙasa!"

"Ka ga ka gane," in ji Kaka. "Shi ya sa ɗan ma dole ya sauko. Ya bar ƙoli, ya bar abokansa da yabonsu, ya zo ya kwana a gefen uban yana gadi. Daren farko tsoho ya yi barci har da minshari, sai da kunkuru ya yi ƙaura." Muka yi dariya, har ni. "Bai daɗe a duniya ba bayan nan, amma kwanakin da suka rage masa da ƙiba ya yi su. Nan tatsuniya ta tsaya, ta ce ƙafarta ta gaji."

Da sauran suka tashi alwala, ta riƙe hannuna.

"Don wa kika mayar da sandar?"

"Don Mama Rifkatu."

"Talatu fa?"

Na ce, "Kaka, ai tsuntsuwa ba a tambayarta."

"Ana tambaya mana. Da ido ake tambaya. Ba ki ga tana rawar jiki ba? Amsar ke nan ta ba ki."

Na yi kuka sosai a cinyarta. Ba ta hana ni ba. Da na gama ta ce daga gobe ni ce mai jiƙa gero.

Haka aka yi. Na koyi zama a ƙasa gaban kejin in yi shiru in kalla. Na gane ta fi cin abinci in hantsi ya ɗaga, na gane ba ta son a taɓa bayanta amma tana son a sosa mata kai da ɗan yatsa, na gane in ta juya wa ƙofa baya to a ƙyale ta. Ƙafar ba ta koma daidai ba. Ko sandar ƙasan ma ta daina hawa, sai na murɗa mata tsumma kamar gammo, ta riƙa jingina a ciki.

Bayan kamar kwana goma Mama Rifkatu ta iso, tana dogara sanda, ta rame fiye da yadda na san ta. Na kawo mata kejin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa ciki ta ce, "Talatu, ashe tare muka tsufa." Talatu ta ɗago, ta ɗan ciji yatsan a hankali, ta yi wani ƙaramin sauti, na farko da muka ji cikin makonni. Tsofaffin biyu suka dubi juna, kowacce tana share ido da bakin mayafi.

Ban iya ɓoyewa ba, na faɗa mata ni na jawo ciwon ƙafar, na faɗi dalili. Ta jawo ni jikinta.

"Ba komai, 'yata. Ni ma duk Lahadi 'yata sai ta ja ni har kujerar gaba a coci, matakala shida. Ni kuwa bencin bakin ƙofa nake so. Kunya ta hana ni faɗa mata."

Kaka ta ce, "To in kin koma ki faɗa."

Kwana huɗu bayan haka, da safe, Talatu ta mutu a cikin gammonta, Mama Rifkatu tana zaune kusa. Muka binne ta a gindin lemun tsami. Mama ta ƙara sati a wurinmu kafin ta koma, kuma a wannan satin ita ma ta ba mu tatsuniyoyin garinsu a bakin murhu, don zaman tatsuniya ya koma ɗakin girki.

Yau Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Na daɗe ina ɗaukan labarin nan a matsayin darasin tausayin dabba, sai da ya zo kan Babanmu. Tela ne, shekara arba'in yana da shago a kasuwa. Bara waccan hawan jini ya taɓa masa ɓarin jiki. Da ya ɗan farfaɗo, ni na dage kullum a ɗauke shi a mashin a kai shi shago, ko ba zai taka keke ba, ya zauna mutane su gan shi. Ina faɗa wa kowa fita tana ƙara masa ƙarfi. Wata biyu ana haka. Wata rana na biya shagon da azahar, na same shi a kujera, ya ƙanƙame hannunta da hannunsa mai lafiya don kada ya zame, yana yi wa masu wucewa murmushi, gumi yana tsattsafo masa. A tsaye a wurin na gane cewa ba don shi nake yi ba. Ni ce ba na son in ga ya sauko. Ashe mutum yakan ƙaunaci nasa ƙwarai, amma ya fi ƙaunar yadda ya san shi a da.

Da muka koma gida na tsuguna gabansa na ce, "Baba, ka gafarce ni, ban taɓa tambayarka ba. Kana son zuwa shagon nan kuwa?"

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Zulai, in da hali, a shimfiɗa mini tabarma a zaure. Mai son ganina ya san gidan."

Aka shimfiɗa. Na rage awannin aikina, in na taso da la'asar can nake zama. Wani lokaci abokansa na kasuwa suna zuwa, wani lokaci mu biyu ne kawai, yana kallon hanya ina tsince shinkafa. Jiya ya farka daga gyangyaɗi, ya gan ni, ya ce, "Har yanzu kina nan? Ba ki da abin yi ne?"

Na ce, "Shi nake yi, Baba."

Ya yi murmushi, ya gyara matashi, ya koma barcinsa.